Rasuwar Gajere, Jak ɗin 'Yar Direba

Da zuciya cike da baƙin ciki, irin wanda ba ya son hayaniya, tsohon malamin tarihin nan na ƙarshen layi, mai gida mai koren gareji, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin ɗalibansa, da duk wanda taya ta taɓa sace masa a hanya, rasuwar jak ɗin motarsa, wanda aka fi sani da Gajere. Ya rasu ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a gefen titi, a bakin aiki, da mota a kansa. Ya shekara arba'in da bakwai a gidan. Ya yi wa motoci uku hidima, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga su sau hamsin da takwas ya sauke lafiya. A na hamsin da tara ne ya ɗaga bai sauke ba.

Wannan lissafi ba a rubuce yake ba a ko'ina. A ka Malam yake riƙe da shi, kamar yadda yake riƙe da shekarun da dauloli suka tashi suka faɗi. Har zuwa watan nan, da wani ya yi masa musu, da ya zaunar da shi ya jero masa su: wace taya, wace hanya, ƙusa ce ko fasasshiyar kwalba, wa da wa ke cikin motar. Ana roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za a dawo kansa.

Ba a san ranar haihuwar marigayin ba. Akwai rubutu a gindinsa da maƙera suka buga, amma tun kafin ya zo hannun Malam hanya ta riga ta shafe shi, sai harafi biyu da rabin lamba, waɗanda ba su isa a kafa hujja da su ba. Abin da ya tabbata shi ne ya shigo gidan a makon da Malam ya sayi motarsa ta farko, shekara guda bayan aurensa. Surukinsa ne ya kawo shi a naɗe cikin buhu, direban dogon zango, mutum mai tsadar magana. Ya zagaya motar, ya buɗe but, ya ɗauko jak ɗin da ta zo da shi, ya jujjuya shi a hannu, ya ce wannan ko kujera ba zai yarda a ɗaga da shi ba. Sannan ya miƙa buhun, ba ga Malam ba, ga 'yarsa. Ya ce ita ya koya wa tun tana ƙarama, ita kuma sai ta koya wa mijinta, tun da an ce malamai suna da saurin ɗaukar karatu. Daga ranar Malam yake kiran matarsa 'Yar Direba, ita kuma ta raɗa wa jak ɗin suna Gajere, don tsawonsa bai wuce na kwalbar ruwa ba.

Gajeren ne kuwa, kakkaura, mai faɗin gindi, ja a ƙuruciyarsa, baƙi a tsufansa. Ba irin na zamani ba ne da ake ɗura wa mai a riƙa bugawa. Mai haƙora ne, ana zura masa dogon hannu na ƙarfe a murɗa, ya riƙa tashi sannu a hankali kamar dattijon da aka kira daga zaune. Maganarsa a duniya kalma uku ce: ƙiiƙ, ƙiiƙ, tak. Kuka biyu, sannan ƙara ɗaya idan hannun ya cika zagaye. In ana sauke shi kuwa sai ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, wanda 'Yar Direba ta ce gyaran muryar babanta ne sak, idan ya ga an yi abu ba yadda yake so ba amma ya ƙi tankawa.

Karatun da ta koya wa Malam a ƙofar gida, ita a tsaye da hannu a ƙugu, shi a durƙushe kan buhun, ba shi da tsawo, amma ba a sauya masa tsari. Ba a tsayawa inda taya ta sace. A lallaɓa a hankali har a sami wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, nesa da kwana, inda mai zuwa zai hango ka, ko da tayar za ta ƙarasa lalacewa, domin taya ana sayen wata. A ja birkin hannu, a bar mota a giya, a kunna fitilun gargaɗi, kowa ya fita, har mai barci. A danna waigi, katakon tokare taya, gaba da bayan tayar da ta fi nisa da mai facin. A sassauta notuna tun mota tana ƙasa, sassautawa kawai, domin wanda ya bari sai ta yi sama sannan ya hau sifana da ƙarfinsa, shi da kansa yake ture ta daga kan jak. Sannan a laluba gefen motar a nemo inda ke da ƙashi, ba inda kwano ne zalla ba, a zaunar da Gajere a miƙe, in ƙasa da laushi a sa masa katako. Idan mota ta tashi, kafin a cire ko noti ɗaya, a tura safaya, wato tayar canji, ƙarƙashinta, kusa da jak, ta kwanta a nan tana jira. In an ciro mai facin, a janyo safaya, mai facin ta maye gurbinta. A mayar da notuna da hannu, a tsallake-tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ɗaurin ƙarshe kuwa sai mota ta dawo ƙasa. Kuma duk tsawon wannan aiki, ba hannu, ba ƙafa, ba kai a ƙarƙashin mota.

"Malam, Gajere ba ya cin amana," in ji ta, "amma ƙarfe ne. Ranar da zai gaji ba zai yi maka sallama ba."

Malam ya haddace, ya kuma ƙware, har surukin ya taɓa tsayawa a kansa daga farko zuwa ƙarshe bai yi gyaran murya ba. A abu ɗaya tak ɗalibi ya saɓa wa malamarsa, saɓanin da ya shekara arba'in da uku bai mutu ba. Ita takan kwantar da safaya fuska sama, don kada tsakuwa ta kankare fentin rim, ƙarfen tsakiyar taya. Shi yakan kifa ta, don cikin rim ɗin ya zame masa kwano, ya zuba notuna a gefen da ya leƙo waje kada su gangare. Ita notunanta a bakin mayafi take ƙulle su, ta ce wanda ba shi da mayafi shi ya sani. Ya kawo mata hujjoji, ta saurare su duka, ta ce ta ji, an kuma yi jawabi mai kyau. Daga ƙarshe aka yi sulhu irin na ƙasashe masu iyaka ɗaya: in tana wurin, kwantar da safaya aikinta ne, ba ya sa hannu, in shi kaɗai ne, ya yi yadda ya ga dama. Sai dai in ya dawo daga tafiya takan buɗe but, ta shafa fuskar rim da yatsa, ta ce, "Ka sake kifa ta," ta rufe, ta tafi ɗora masa ruwan wanka.

Ba ta taɓa barin masa wannan aiki ba, ko a ranar da ya kamata. A ɗagawa ta bakwai ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, tana ɗauke da cikin babbar 'yarsu, wata takwas, ba ta iya sunkuyawa. Malam ya ce yau dai ta fake a gindin bishiya ya yi komai da kansa. Ta ƙi. Ta sa ya kwantar mata da safayar a ƙasa yadda take so, ta dafa kafaɗarsa, ta tura ta ƙarƙashin motar da ƙafa. Gajere kuwa ya tsaya cikin laka, a kan ɗan katako, bai ko motsa ba. Yarinyar da ke cikin nan ita ce yau babbar ma'aikaciyar jinya, wadda Malam ke kira Mamana domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Halayen marigayin sanannu ne a layi. Bai taɓa neman a yi masa fenti ba. Rabonsa a shekara ɗan giris ne a haƙora da wanka da kananzir. Ya kwana a but cikin zafi da sanyi, ƙarƙashin buhunan littattafai, da kayan yara masu komawa makaranta, da tukunyar shuka, bai taɓa kai ƙara ba. Ya ɗaga motocin maƙwabta, waɗanda ba su shiga lissafin sama ba, amma bai taɓa fita aro shi kaɗai ba, sai da rakiyar Malam, abin da wasu suka kira rowa, wasu kuma suka gane ladabi ne. Ya ɗauki nauyin da ya ninka shi sau ɗari-ɗari, kuma duk lokacin da aka gama, shi ake fara mantawa a gefen hanya, sai an tada mota 'Yar Direba ta ce a tsaya, an bar dattijo.

Shekara huɗu ke nan da Allah ya yi mata rasuwa. Ta bar ɗan lambu a bayan gari, mai rijiya, da itatuwan lemo da gwaba da ta dasa da hannunta. Tun daga lokacin, kowace Alhamis Malam yakan tuƙa kansa zuwa can, shi kaɗai, ya yi ban ruwa, ya kifa bokiti ya zauna a gindin lemon da ta fi so, ya ba ta labarin mako da ƙaramar murya: wanda ya haihu, wanda ya tashi daga layi, abin da aka faɗa a rediyo wanda ba haka tarihi ya ce ba. A zatonsa babu wanda ya san yana yi. Ba a yin wannan hira da direba a tsaye yana duba agogo. Saboda haka makullin mota, a wurin Malam, ba makullin mota ba ne kawai.

Ciwon ajalin Gajere ya fara ne daga haƙori, kamar na yawancin tsofaffi. A ɗagawa ta hamsin da bakwai ya ce ƙiiƙ, ƙiiƙ, sai ya yi shiru inda ya kamata a ji tak, motar ta nutsa kamar faɗin yatsa, sannan ya sake kamawa. Aka kai shi wurin bakanike. Ya wanke shi, ya ɗaga shi ga haske yana leƙen haƙoran, ya ce, "Baba, wannan ai ya ci a ba shi fansho kamar kai." Ya ce zai iya yin shekara, zai iya yin biyu, amma shi ba zai rantse ba. Mamana ta sayo sabo, ja wur, mai mai. Malam ya gode, ya gwada shi sau ɗaya a gareji. Motar ta tashi sama ba tare da an ce uffan ba, sai ya ji garejin ya yi masa faɗi, kamar babu kowa a ciki har da shi. Ya sauke ta, ya mayar da baƙon cikin kwalinsa, ya ɗora a kanta. Ɗagawa ta hamsin da takwas, da Gajere aka yi ta, lafiya lau, da kalmominsa uku cikakku.

A daidai wannan lokaci, mai gidan shi ma wani haƙori ya fara zame masa, na cikin kai. Wata safiya ya shirya tsaf, ya tuƙa zuwa makarantar da ya bari shekaru da yawa da suka wuce, ya ajiye mota a inuwar da ya saba, ya zauna yana mamakin abin da ya hana a buga ƙararrawa, alhali ranar hutu ce. Mai gadi ya gane shi, ya gaishe shi da girmamawa, ya kuma kai labari inda ya kamata. Da yamma Mamana ta zo, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa yadda take yi tun tana yarinya, ta daɗe tana kewaye-kewaye a kan cunkoson titi da rashin hankalin masu babur, sannan ta roƙi makullin. Malam, wanda ya ƙare rayuwarsa yana shirya wa mutane jarrabawa, ya ce ba a korar ɗalibi ba tare da an gwada shi ba. Ya ce duk ranar da ya tsallake mataki ɗaya a cikin karatun uwarta na canjin taya, ta karɓi makullin, ba zai ɗaukaka ƙara ba. Ta yi dariya, ta ce taya ba ta ba da sanarwar ranar da za ta sace. Amma ta yarda, bisa sharaɗin sau ɗaya a wata za ta bi shi lambu ta ga tuƙinsa. Shi ya sa ya ƙara mata suna Sufeto, kuma a ranakun da ta bi shi ban ruwa kawai yake yi, ba ya kifa bokiti.

Ranar sha ɗaya ga Maris ranar Sufeto ce. Sun bar gari, sun wuce gidajen ƙarshe, sai sitiyari ya fara ja hagu, aka ji tayar baya tana tafi da kwalta. Malam ba zai ɓoye ba, daɗi ya ji. Ya lallaɓa har ya wuce kwana, ya sami wuri mai tauri. Ya riƙa faɗin matakan da ƙarfi kamar mai karanta wa aji: birkin hannu, giya, fitilu, kowa ya fita. Ya danna waigi biyu. Ya ba Mamana alamar gargaɗi mai kusurwa uku ya ce ta kai can baya inda mai zuwa zai fara gani. Tana can aka kira ta a waya daga asibiti, ta tsaya ta ba shi baya, ta toshe ɗayan kunnen da yatsa. Hanya babu kowa, ko akuya.

Ya fito da safaya ya jingine ta a jikin ƙofar baya. Yana tuna wannan sarai, har zafin robar a tafin hannunsa. Ya sassauta notuna. Ya zaunar da Gajere, ya zura masa hannu, ƙiiƙ, ƙiiƙ, tak, ƙiiƙ, ƙiiƙ, tak, har tayar ta rabu da ƙasa. Ya cire hularsa ya ajiye a gefe, ya riƙa jefa notunan ciki. Ya rungumo mai facin da hannu biyu ya fizgo ta, gwiwarsa ta taɓa hular, noti ɗaya ya fita ya gangara ƙarƙashin mota. A lokacin Mamana ta ƙaraso tana sa waya a jaka. Ta ga inda notin ya shiga. Kafin Malam ya haɗa kalma, da taya a ƙirjinsa, ta durƙusa ta zura hannu, bai kai ba, ta ƙara da kafaɗa, ta ƙara da kai.

Sai Gajere ya faɗi kalma ta huɗu, wadda ba a taɓa jin ta a bakinsa ba. Tas.

Motar ta faɗi. Ƙura ta tashi ta kwanta. Malam bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye rungume da taya ba, kuma ba zai ƙirƙiro lamba ba. Abin da ya sani shi ne ya ga ƙafafunta sun motsa, ta ja da baya a hankali, ta fito, ƙasa a mayafinta, ɗan ƙarce a kunnenta, notin a hannunta. Gefen motar ya sauka ne a kan safaya, wadda take kwance a ƙarƙashi, kusa da jak, daidai inda karatu ya ce. Tsakanin ƙarfen mota da ƙasa, kaurin tayar nan ne ya rage, kuma ya isa.

Suka zauna a bakin hanya suna jiran bakanike. Da ta iya magana ta ce, "Baba, ka ci jarrabawa. Ni ce na faɗi. Da ba ka sa safayar nan ba, da yanzu wani labarin ake." Ta ce ba za ta ƙara yi masa zancen makulli ba, sai dai ya yarda a fito da sabon jak daga kwali. Malam yana kallon ƙarƙashin motar. Safayar tana kwance fuska sama.

Ya yi makonni yana juya al'amarin, yadda ya koya wa ɗalibai su juya kowane labari kafin su yarda da shi. Mamana ba ta taɓa tayar ba: tana nesa, ta ba shi baya, kuma tafin hannunta, da ya karɓi notin, babu baƙin roba ko ɗigo. Mai wucewa babu. Shi kansa kuwa, a duk ɗagawar da ya yi shi kaɗai, bai taɓa kwantar da safaya fuska sama ba, ko sau ɗaya, ko bayan rasuwar mai ita, lokacin da babu sauran mai duba rim. Ga kuma shaidar hula, wadda har yau akwai tabon giris a cikinta. Mutumin da ya saba zuba notuna a kwanon rim ba ya cire hularsa a rana sai in ya miƙa hannu bai sami kwanon ba. Ya bi ƙwaƙwalwarsa daga jingina tayar a ƙofa zuwa faɗuwar motar, ya sake bi, bai sami inda ya sunkuya ya tura ta ba. Wurin fes yake, kamar shafin da aka yage da kyau.

Fuska biyu ce za a iya rubutawa. Ko dai ya tura ta ya manta, har ya manta da yadda hannunsa yake yi. Ko kuma bai tura ta ba, ya tsallake matakin da ya fi kowane muhimmanci. Akwai ta uku. Malam ya shekara talatin da biyar yana gaya wa yara cewa abin da ba shi da shaida ba ya shiga littafi, saboda haka ba zai rubuta ta ba. Zai dai faɗi abin da ke cikin yarjejeniya, wanda kowa a gidan ya sani: in tana wurin, kwantar da safaya aikinta ne.

A cikin makonnin nan makullin yana aljihunsa, da izinin Sufeto, kuma babu mai iya karɓe shi sai in shi ya buɗe baki. Alhamis biyu ya je lambu shi kaɗai. Ya yi ban ruwa, ya kifa bokiti, ya zauna, ya rasa ta inda zai fara. A gida kuma, da la'asar, lokacin da layi ya yi tsit, ya fara jin ƙiiƙ, ƙiiƙ, tak daga gareji. Ya je ya duba. Gajere yana kan buhu inda aka shimfiɗe shi, a karye, hannunsa a jingine da bango. Ya zuba wa ƙofar gareji mai. Ya kashe fanka. Ya bincika ko guga ne a rijiyar maƙwabta. Ƙarar ba ta daina ba, kuma ba ta tsorata shi ba, sai dai takan tsaya kullum a kan tak, ba ta taɓa kaiwa ga gurnanin saukewa. Mamana a wannan sanarwa za ta fara jin wannan, ana kuma roƙonta kada ta kawo magani.

Ranar Laraba ta uku ta zo duba shi bayan ta tashi daga aiki. Ya bari ta zauna, ya ciro makullin ya ɗora a tafin hannunta ya naɗe mata yatsu.

"Baba, ai ka ci," in ji ta.

"Mamana, ban tuna na sa ta ba. In na sa na manta, kin ga dalilinki. In ban sa ba, na tsallake mataki. Ko ta ina aka duba, naki ne."

Ta ce to in ba shi ba, wa. Bai ce mata kowa ba. Ya gaya mata yadda tayar take kwance, shi ke nan. Ita da ta tashi tana jin wannan gardama daga kujerar baya, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta daɗe tana kallon makullin. Can ta share ido da bakin mayafi, ta ce in haka ne Mama ta ci gardamar, kuma ba za a ji ƙarshen wannan ba. Sannan ta ce ta riga ta nemi a mayar da hutunta Alhamis. Za ta kai shi, ta ajiye mota a bakin shinge, ta ɗaga gilashi, ta kunna rediyo, ya yi hirarsa yadda ya saba, ba za ta duba agogo ba. Malam ya tambaye ta wace hira. Ta ce, "Haba, Baba. Bokitin nan kullum a kife nake samunsa."

Marigayin ya bar hannunsa na ƙarfe, wanda ba zai shiga bakin wani jak ba. Ya bar abokiyar aikinsa sifana mai kai huɗu, da tagwayen waigi na katako, da ɗan katakon da yake tsayawa a kai. Ya bar safaya, wadda ta sami rauni a rim, bakanike ya ce ba za ta sake hawa titi ba. Ya bar magaji a kwali, wanda aka riga aka fito da shi aka sa a but, bisa shawarar da ya kamata a ɗauka tun ranar da aka ji haƙori ya zame. Ya bar kuma wata ma'aikaciyar jinya mai ɗan tabo a kunne.

Masu sayen tsohon ƙarfe da suka riga suka leƙo, an gode, a yi haƙuri, ba za a auna shi a sikeli ba. Za a wanke shi da kananzir, a shafa masa giris na ƙarshe, a naɗe shi cikin buhun da ya zo a ciki, tare da hannunsa. Za a kai shi lambu ranar Alhamis mai zuwa da hantsi, a rufe shi a gindin lemon. Ba a gayyaci jama'a ba, domin motar mutum biyu za ta ɗauka, kuma ɗaya a mota za ta zauna. Ba a yi wa ƙarfe addu'a, ba shi da hisabi. Wanda ya yi niyya ya yi wa direban dogon zango da 'yarsa. Wanda kuma yake son yin ta'aziyya ba sai ya zo gida ba. Ya buɗe but ɗinsa da rana, ya ɗaga jak ɗinsa ga haske ya duba haƙoransa, kuma ranar da taya ta sace masa, kada ya cire noti ko ɗaya sai ya tura safaya ƙarƙashin mota. Ko a kife ko fuska sama, Malam ya janye daga wannan muhawara.

Makullin yana jakar Mamana. Safayar tana kwance a daɓen gareji yadda bakanike ya sauke ta, fuska sama, kuma Malam bai juya ta ba.